Rabon Maraƙa

Tunda kin ce tattali kike so ki koya, to saurari labarin wadda ta iya shi har ya yi mata yawa.

A wani ƙauye an yi wata mata mai tuyar ƙuli-ƙuli, ta tara ribarta ta shekara uku ta sayi saniya mai ɗanyen goyo, da 'yar maraƙarta ja mai farin goshi. Dalilinta mai kyau ne: 'ya'ya biyar gare ta, kuma ta gaji da sayen nono ludayi-ludayi kowace safiya. Bafulatanin da ya sayar mata ya nuna mata yadda ake yi. Sai an saki maraƙa ta fara tsotso sannan uwar take sakin nono. Daga nan a janye ta a ɗaure inda uwar za ta riƙa lasarta, a tatsi kan nono biyu, a bar biyu. Ya ce mata, "Baiwar Allah, biyun nan ba naki ba ne, nata ne."

Matar nan kuwa ta iya hannunta, wannan ba a ƙwace mata ba. Madarar safe takan tafasa ta, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan kindirmon jiya, ta rufe ƙwaryar da faifai a bayan randa. Kafin gari ya sake wayewa nonon ya kama. Ta sa maburgi ta kaɗa, ta kwashe mai, ta soya shi har ruwan jikinsa ya ƙone, ta ɗura a kwalba ta toshe, ya yi wata da watanni bai sauya wari ba. Tsalar da ta rage ta ƙara mata ruwa, ta dama farin garin kuka a ciki don ta yi kauri, yara su sha da fura har su ture ƙwarya. Har zuwa nan ba mai ganin laifinta.

Abin ya soma ne ranar da ta tsaya tana kallon maraƙa na tsotso, kumfa na zuba ta gefen bakinta yana ɗiga a ƙasa. Ya tsaya mata a rai. Ita a idonta man shanu ne ke shiga turɓaya tana ji tana gani. Washegari ta tatsi uku ta bar ɗaya, ba abin da ya faru, maraƙa ta ci gaba da tsalle-tsallenta. Bayan mako biyu ta tatse huɗun, ta bar mata abin da yatsu suka kasa fitarwa, ta dama mata ruwan dusa a kasko, wai ai cika ciki ake nema. Kada ki ɗauka ba ta son dabbar. Tana sonta ƙwarai, takan zauna tana sosa mata wuya tana hango ranar da shanunta za su zama biyu. Sai dai wanda ke kallon ƙwarya na cika ba kasafai yake waiwayen turke ba. Mijinta ya yi magana sau ɗaya, ya ce haƙarƙarin 'yar nan fa ya fara fitowa. Ta ja shi ɗaki ta nuna masa kwalabe a jere a gindin bango. Ya kalle su ya fita abinsa, don shi ma tuwonsa ba ya wucewa sai da man shanu.

Da ruwan farko ya sauka, maraƙa ta afka wa ɗanyar ciyawa da yunwa, zawo ya kama ta. Wadda ta sha nonon uwarta ta ƙoshi takan jure irin wannan, ita kuwa ba ta da jikin jurewa. Sai a lokacin matar ta ajiye ƙwaryar tatsa, ta rungumo ta kamar jaririya ta kai bakinta ga hantsar uwar, amma ƙarfin tsotson ya riga ya ƙare. A kwana na uku ta mutu.

Da safe matar ta durƙusa gefen saniya, ta ja, ta sake ja, ko ɗigo bai fito ba. Uwa ta riƙe nononta. Aka aika wa Bafulatanin, ya zo ya karɓi fatar maraƙar, ya cusa mata busasshiyar ciyawa ya ɗinke, ya barbaɗa gishiri a gadon bayanta, ya ajiye a gaban saniya. Tsohuwar dabara ce ta makiyaya. Ya miƙa wa matar ƙwaryar tatsa. Saniya ta sunsuna, ta soma lasar fatar a hankali tana wani ƙaramin kuka, sai ga nono ya sauko. Matar na tatsa tana hawaye, don ta san ba ita aka sakar wa ba.

Kwana shida dabarar ta yi aiki. A na bakwai saniya ta kau da kai daga fatar, hantsa ta motse, ba ta ƙara ba da ko cokali ɗaya ba har shekara ta zagayo. Ranar da nonon ya ɗauke, mijin ya sami matar zaune a gindin turke, ƙwarya kife a cinyarta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, ka san abin da ke cina? Lokacin da na hana ta, ba yunwa muke yi ba."

Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.