An Husband

Ranar da aka kunna Mai-Gyara a duk wayoyin ƙasar nan, kuskure ya ƙare. Duk maganar da ta bi ta waya sai ta fito daidai, har tsofaffin saƙonnin matattu. Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da Turanci, na rasa abin yi sai tsaki.

Na buɗe saƙon marigayiya Tasalla, matata, na ji ta ce "a husband", tsaf kamar mai karanta labarai. Matata ba ta taɓa faɗin haka ba.

Ita ƙa'idarta daga Hausa ta ɗauko ta. "A dafa" ba a yi ba tukuna, "an dafa" kuwa an gama. Tunda an ɗaura aure, ni "an husband" ne. Na yi ta bayanin wasali da baƙi, tana dariya.

Na kai wayar wurin Iro, tsohon ɗalibina mai gyaran waya a kasuwa.

"Baba Malam, kai da ka zane mu kan 'a' da 'an', yau kuskure kake nema?"

"Nemo min, sarkin surutu."

Ya waiga hagu da dama, ya cire wani abu, ya manna min wayar a kunne. Ga Tasalla, da kuskurenta cikakke. Allah ya yi wa Iro albarka.

Ban samu na gaya mata ba: ke ma "an wife" ce, Tasalla. An gama, babu wata.