Jan Kumatun Aissa

Hajiya Khadijatu ta sake goge kumatunta da auduga, ta ja dogon tsaki. Gaban madubinta cike yake da 'yan kwalaben Japan masu hoton zomo da furanni, irin waɗanda ake zubawa a kwando a bakin shago saboda arha. Ita da ba ta taɓa hodar da ba ta Faransa ba, yau ga ta tana dangwalar kayan 'yan makaranta.

Duk Razan ce ta ja mata. Razan 'yar Hajiya Wafa' ce, jikar Hausawan da suka daɗe da zama a Jidda har suka yi arziki, kuma bikinta ya matso. Duk mai kwalliyar da ta samu fuskar wannan amarya, ta samu gidajen dangin kaf. Khadijatu ta gaji da yi wa matan 'yan kwantiragi kwalliya a falonta na unguwar Safa. Wannan ƙofar take so, ga kuma wata 'yar Labanan mai shagon kwalliya ita ma tana harin ƙofar.

Sai yarinya ta ɓullo da wata fitina da ta gano a waya, wai kwalliyar hunturu ta 'yan Japan: ja a ƙasan ido, ja a ƙarshen hanci, ido ya yi ƙwal-ƙwal kamar an fito daga ƙanƙara. Hunturu! A Jidda, inda ko a Janairu esi ba ya hutawa.

"Irin na Aissa nake so, ya Khala," in ji Razan da Hausarta mai nauyi, gauraye da Larabci. "Irinsa sak. Halas."

Aissa fa! Wata farar 'yar Tawa ta Nijar ce doguwa, marar magana, da ke zuwa taron matan Hausawa da ake yi duk Alhamis a wani gida a unguwar Khumra, inda Razan ta gan ta. Abayarta har ta koɗe. Kullum ita ce ƙarshen zuwa, motar haya ta ajiye ta, ta shigo da rigar sanyi a ƙarƙashin abaya, ta rungume kofin shayi da hannu biyu tana jan hanci. Khadijatu ta sha taɓe baki a kan wannan iyayi. Kwalliya kike yi ko wasan kwaikwayo?

Amma fa abin ya zauna. Jan nan ba shi da iyaka, ba a ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Khadijatu ta kwashe shekaru tana riƙe buroshi, ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba, kuma hakan ya fi komai ƙona mata rai. Abin da ke sanyaya mata zuciya ɗaya ne: kafin a watse daga taro, jan ya dusashe. Kayan arha ke nan, ba sa jimiri.

Wata Alhamis ta danne girman kai, ta matsa kusa da ita. Turaren lemon tsami ya buge ta, wai ko turaren kirki ba ta da shi.

"Ke kam me kike shafawa ne a kumatun nan?"

Aissa ta shafa fuskarta, ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Hajiya."

Ba komai. Ji rowa! Matsiyaciya ta samu abu ɗaya a duniya ta ƙanƙame shi. Khadijatu ta koma wurin zamanta. Ta dai faki ido, ta ɗauke ta hoto a waya.

Da hoton nan ta koma shagon kayan Japan, ta kwaso mai ruwa, mai gari, mai kama da man shafawa. Ta shafa da yatsa, ta shafa da soso, ta haɗa biyu, ta haɗa uku. Wani ya mai da ita kamar wadda aka mara, wani kamar mai ƙyanda. Da ƙyar ta samu haɗin da ya ɗan yi kusa.

Ranar gwaji ta isa gidan da akwatinta. Hajiya Wafa' da kanta tana falo. Mace ce da harkar kamfanin marigayi mijinta ba ta bari ta je taron mata, kuma maganarta ce ke yanke komai a gidan. Khadijatu ta zage ta yi aiki har gumi ya jiƙa mata mayafi.

Razan ta juya fuska dama, ta juya hagu a madubi. "Ya yi kyau. Bas ba kamar nata ba. Mama, ko Aissa za mu kira ta faɗa mana wa ke yi mata?"

Khadijatu ta ajiye buroshi. Aikin na neman zame mata a gaban idonta. Sai ta yi 'yar dariya, ta zaro waya.

"Haba Razan, ai kin ma same ta. Ni ce nan. Duk Alhamis sai ta biyo ta gidana kafin taro, in yi mata fisabilillahi. Ga shi ma, da hannun nan na yi wannan. Fata ce kawai ta bambanta."

Hajiya Wafa' ta miƙo hannu. Ta gyara tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar wa Khadijatu wayarta, ta ce wa Razan ta wanke fuska ta kira 'yar Labanan.

"Wannan ma'aikaciyata ce," in ji ta. "Duk Alhamis daga ɗakin daskarar da kifi take wucewa taronku, kuma a kamfanina ko kwalli ba a shiga da shi."