Mai Gyaran Agogo da Katin Cingam

Hashimu, tunda ka ce kai komai naka ajiya ce don gaba, gyara zama in ba ka misali. In ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani mai gyaran agogo a wani gari na bakin layin dogo, mutum mai tattali, ko allura ce ta faɗi sai ya tsince ta. Wata rana yana aiki, rediyo na gefensa, sai ya ji labarin cewa a Amurka an sayar da wani ɗan tsohon kati mai hoton ɗan wasa, na ƙwallon nan nasu da ake bugawa da sanda, a kan kuɗin da zai sayi gida har a yi saura. A shekarun nan kuwa an cika kasuwa da wani cingam mai katin 'yan ƙwallo a ciki. Yara su tauna cingam, su yi ta jifan bango da katin, wanda nasa ya hau na wani ya kwashe. Mutumin ya dube su ya ce a ransa, waɗannan da dukiya suke wasa ba su sani ba. Tun daga ranar, abin da agogo ya kawo, cingam ya tafi da shi. Kwali-kwali yake saye, ko ɗaya bai buɗe ba, don ya ji an ce sabo fil ya fi daraja. Da kwalaye suka yi yawa sai ya kai su ɗakin zaure, don shi kaɗai ne mai daɓen siminti, gara ba ta shiga, rufinsa ba ya yoyo. A ɗakin nan ne kuwa abokansa suke taruwa bayan la'asar suna dara. Ya naɗe tabarma, ya danna kwaɗo. Su kuma suka koma gindin wata darbejiya a wata unguwa, tun suna aiko masa har suka gaji suka bari.

Kwanci tashi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata aure ya kai su nesa, agogon ma mutane suka daina ɗaurawa tunda waya ta zo. Gida ya yi masa shiru, in ya yi tari shi kaɗai yake ji. Kaɗaici yana cinsa, kuma ya san yana cinsa, amma in ya leƙa taga ya hango kwalaye har rufi sai ya ɗan ji sanyi a ransa. Ana nan sai ga amininsa na ƙuruciya, tsohon direban babbar mota, ido ya gaza, shi ma ba mata, ba ɗa a kusa. Ya roƙe shi ɗakin zauren ya zauna, su riƙa cin tuwo a kwano ɗaya, kowa yana jin motsin ɗan'uwansa. Wallahi mai agogo ya so abin nan, har idonsa ya ciko. To amma ɗakin marigayiya ya rufta tun wata damina, nasa kuwa gado ɗaya ya cinye shi, in an fito da kayan ina za a kai su? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi mini haƙuri zuwa baɗi, kayan nan sun kusa nuna." Direban ya ce Allah ya kai mu, ya laluba sandarsa, ya tafi ƙauye wurin wani ɗan ƙanensa.

Baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Sai da shirun gidan ya kai masa iya wuya, sannan ya ɗauki kwali ɗaya ya nufi birni, wurin wani mai sayar da tsofaffin sulalla da kan sarki ga masu sha'awar tarawa. Mutumin ko buɗe kwalin bai yi ba. Ya ja shi bayan shago, ya nuna masa irinsu a jibge, ƙura ta rufe su, ya ce, "Baba, rediyon da ka ji, kowa ma ya ji." Ashe katin can na Amurka bai yi tsada ba sai don yara sun yayyaga 'yan'uwansa, iyaye mata sun share sauran sun zuba a wuta, ba wanda ya yi tunanin ajiyewa. Nasa kuwa an buga su kamar yashi, kuma kowane gari akwai mai wayo irinsa da ya kulle ɗaki. Ko mai ƙosai ba ta so, sun yi mata ƙanana wajen ƙunshi.

Ka ce ya yi kukan asara? Kaɗan ne. A mota ma har wani sauƙi ya ji, don ɗaki ya samu. Ya kwashe kwalayen shi kaɗai, bayansa na ciwo, ya share, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya sayo matashi, ya kama hanyar ƙauye da kansa. Ɗan ƙanen ne ya tare shi a ƙofar gida, ya ce ai Baba tun kaka aka kai shi makwancinsa. Ya shiga ya fito da wata jakar kaya a ɗaure tam, ya ce har Baba ya kwanta ciwo bai yarda an kwance ta ba, wai za a aiko masa daga gari. Mai agogo ya rungumi jakar ya dawo da ita, ya ajiye a kan sabuwar tabarmar. Nan yake zama bayan la'asar, masu wucewa su yi masa sallama daga nesa su wuce abinsu.

To ka ji, Hashimu. Ba a banza Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba.