Hoton da Baba ya ce na Sallah ne

Ina aji uku a firamare Baba ya kira mai hoto gidanmu a Bakura, bayan sallar magariba. Babu wuta, tsakar gida ya yi duhu. Mai hoton bai kunna fitilar kyamararsa ba. Wata fitila ya ɗaure a kan sanda daga gefenmu, ya lulluɓe ta da farin ɗankwalin Inna.

"In haske ya taho ta gaba, ƙona huska yake yi, Malam," in ji shi. "Ta gefe ya fi taushi."

Har yau ina jin ƙamshin turaren ɗankwalin nan da ya ɗauki zafi. Baba ya ɗora ni a cinyarsa, abin da bai saba yi ba.

Na ce, "Baba, hoton mene ne?"

Ya ce, "Na Sallah ne, ɗiyata. Yi murmushi."

Na yi iya ƙarfina. Da gari ya waye, babu shi, babu jakarsa. Ya tafi Kudu, can ya yi zamansa, ko saƙo bai aiko ba. Ashe Inna ta sani, mai hoton ma an faɗa masa.

Hoton ya yi kyau sosai. Ba na son kallonsa, domin ni kaɗai ce ke dariya a ciki.