Koren Haske a Jinin Baba

Ɗige-ɗigen koren hasken suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a allon kwamfuta, sai Mama ta dafe ƙirji.

Ita ta matsa wa 'yarta, mai aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, kan lallai sai ta ga abin da ake yi da jinin Baba mai fama da sankarar jini. 'Yar ta ɗiga wa ƙwayoyin jinin wani rini mai sa su ƙyalli muddin suna raye, sannan ta zuba musu sabon maganin da likita ke son gwadawa.

"Innalillahi!" Hawaye na bin kumatun Mama. "Babanku ne ke ƙarewa haka a gabana?"

"A'a, Mama." 'Yar ta nuna allon da yatsa. "Rinin nan ba ruwansa da lafiyayyun ƙwayoyi, cutar kaɗai yake kamawa. Da muka gwada maganin baya, ko ɗaya bai mutu ba."

Mama ta share ido da gefen mayafi, ta jawo kujera kusa. A kusurwar allon, 'yan ɗigo kaɗan na ta ƙyalli har yanzu. Ta ɗaga hannuwa sama.

"Ya Allah, ƙaro duhu."