Inji Ɗaya a Kan Teku

Ranar Laraba, ƙarfe goma da kwata na safe, aka kira Injiniya ya shiga gaban kwamiti. Kwana biyu kacal suka rage masa. Ranar Juma'a autansa, matuƙin jirgin yaƙi, zai yi gwajin sauka a kan katafaren jirgin ruwan nan mai dakon jiragen sama, kuma yau za a tsayar da irin jirgin da zai tuƙa.

Tun daga bakin ƙofa aka tsayar da shi. An gwada masa jini, an ɗaura masa wani siririn abu mai lamba a wuyan hannu. Sabon tsarin tsaro ke nan, ya ce a ransa. Shekara talatin yana wa rundunar ruwa aiki, yau kuma sai an sa masa lamba kamar kayan sito.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin maganin goge ƙasa. Mutum biyu ne a bayan tebur, dukansu cikin fararen kaya, babba mai furfura da wani matashi mai rubutu. A gefe ga wata mata da jaka a cinya, wadda ta riƙo masa fayil tun daga mota. Sakatariya ce, da alama. Idanunta sun yi ja.

"Ranka ya daɗe, yau nawa ga wata?" in ji babban.

"Wannan ba shi ne ya tara mu ba," Injiniya ya ce, ya fizge fayil ɗin ya buɗe. Takardun sun yi rawaya, gefensu ya cinye.

Ya yi bayani daki-daki, kamar yadda ya saba. Jirage biyu ake magana a kai. Na farko inji ɗaya gare shi, mara nauyi, mai gudun tsiya, an ƙera shi don filin ƙasa sannan aka manna masa ƙugiya a wutsiya. Na biyu inji biyu ne, mai kaurin ƙafafu, fikafikansa suna naɗewa, tun asali don teku aka yi shi. Sauka a kan jirgin ruwa ba sauka ba ce, faɗuwa ce da gangan. Dole ƙugiya ta kamo ɗaya daga igiyoyin ƙarfen da ke shimfiɗe, in ta kuskure matuƙi ya ba da wuta ya sake tashi. A wannan daƙiƙar, idan inji ɗaya ya yi tari, babu na biyu. Sai ruwa.

Babban ya dubi matar, ta gyaɗa masa kai a hankali. Sannan ya ce, "Amma an ce mai inji ɗayan ya fi sauƙin gyara, kuma ba ya cin wuri."

"Akwatin gawa ma ba ya cin wuri!"

Matashin ya ɗaga kai, ya rubuta wani abu. Rubutun nan shi ya fi razana Injiniya. Duk abin da ya faɗa sai a rubuta, amma ba wanda ya taɓa takardunsa.

"Baba, ka sha ruwa," matar ta ce.

"Malama, a gidanku ake da Baba. A nan Injiniya nake."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "To, Injiniya."

Babban ya turo masa farar takarda da fensir, ya roƙe shi ya zana agogo mai nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Injiniya ya gane nufinsu: so suke su ɓata masa lokaci har Juma'a ta zo. Sai ya zana abin da ya kamata su gani, doguwar farfajiyar jirgin ruwa, igiyoyi huɗu, da ɗan gicciye a inda farfajiyar ta ƙare. Ya danna fensirin har ya karye.

"Gishirin teku yana cin ƙarfe," ya ce. "Na gaya muku. Ga kuma rahoton wani sakarai da ya ce inji ɗaya ya isa. Ga shi nan!" Ya zaro takardar ya buga a tebur. "Ban san ko waye ba, amma wallahi wanda ya sa hannu a nan ba shi da ɗa. Yaron nan tun yana shekara shida yake tsoron ruwa, sai yayarsa ta riƙe masa hannu yake shiga baho. Don Allah kada ku tura min shi da inji ɗaya."

Matar ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Mun ji, Injiniya," babban ya ce a tausashe. "Mai inji biyu za a ɗauka."

"Ku rubuta. In gani da idona."

Aka rubuta. Babban ya sa hannu, matashin ya sa, aka miƙa wa matar ita ma ta sa. Sai a lokacin Injiniya ya ji numfashinsa ya dawo. Wata mai fararen kaya ta shigo ta kama hannunsa, ya bi ta yana tambaya ko akwai waya a kusa, ya sanar da Auta.

Matar ta tsaya tana tattara takardun. Babban, wato likitan, ya miƙa mata kwafin takardar ba mahaifinta gado a sashen masu ciwon mantuwa, ta ninke ta haɗa da tsohon rahoton. Rahoton na shekara goma sha tara da suka wuce ne, sa hannun Baba a ƙasansa. Mai inji ɗayan aka saya, Auta ya tashi a waccan Juma'ar, kuma hularsa kaɗai aka tsamo.