Godiyar Sallama

Tun da aka tsawaita yarjejeniyar tallafin haihuwa daga ƙasar waje zuwa shekara hamsin, asibiti ba ya sallamar mai jego sai danginta sun gode wa wani mai biyan haraji a ƙasar masu tallafin, ta allon bango. Da 'yata Zulai ta sauka, ni tsohon daraktan lafiya na zauna, na ɓoye agogon zinariyata.

Rifkatu ce ta bayyana a allon, ungozomar da na hana kayan aiki har ta bar ƙasarmu.

"Ranka ya daɗe. Me aka samu?"

"Mace."

"Allah ya raya. An sami safar hannu kuwa?"

"An samu. Taku ce."

Nas ta taɓa kafaɗata. "Baba, na'urar ba ta ji godiyarka ba. Ɗaga murya."